Tun Ran Gini Ran Zane: Tsara Kicin Kafin a Ɗora Bulo

[Kiɗan buɗe shiri]

  Gaisuwa ga mutanen Bebeji da Tiga da Rahama, ga na Kiru da Kafin Maiyaki da Kwanar Ɗangora, ga na Tudun Wadar Ɗankadai da Yaryasa, har can Doguwa da Riruwai da Daɗin Kowa. Iyayenmu mata da ke gaban murhu a wannan lokaci, sannunku da aiki, Allah ya saka da alheri. Yau maganar taku ce. Maigida kuma kada ka canza tasha, domin kai ne mai sayen siminti, kuma da kai birkila yake shawara.

Duk wanda ya bi garuruwanmu bayan kaka zai ga sababbin gine-gine suna tashi. Wanda Allah ya ba shi albarkar masara a Doguwa, ko shinkafa a Tudun Wada, ko noman rani a gefen Tiga, abin da ya fara tunani shi ne ya gina ɗaki, ya yi wa ɗansa sashe, ko ya rushe ginin ƙasa ya ɗora na bulo. To amma ku lura da yadda ake yanke shawarar. Za a zauna a auna falo, a auna ɗakin maigida, a zaɓi inda shago zai fuskanci titi. Sai an gama duka, sai a ce, "Wancan lungun da ya rage a yi kicin da shi." Matar da za ta shafe shekara talatin ko arba'in tana shiga wannan lungu sau uku a rana ba ta wurin, kuma ba wanda ya aika a tambaye ta.

A ɗaya ɓangaren kuma ga wayar hannu. 'Yan matanmu da samarinmu suna ganin kicin na zamani a Facebook da TikTok da finafinai: fili fetal, kabad a jere, ga wata doguwar kanta a tsakiyar ɗaki wadda ba ta jingina da kowane bango ba, a kanta an dasa sinkin wanke-wanke ko murhun gas, an kewaye ta da kujeru. Abin gwanin sha'awa. Sai ango ya nuna wa birkila hoton, ya ce irin wannan nake so. Ba laifi ba ne mutum ya so abu mai kyau. Abin tambaya shi ne: wannan kantar tsakiya, da ruwa ko wuta a kanta, za ta yi aiki a gidanmu, da irin girkinmu, da irin ruwan da muke samu, da irin wutar lantarkinmu? Wannan ita ce tambayar da za mu warware yau.

Bari mu fara da inda tsarin kicin na zamani ya samo asali. A shekarar 1926, a birnin Frankfurt na ƙasar Jamus, ana gina gidaje masu yawa don ma'aikata. Sai aka ɗora wa wata mata mai zanen gine-gine 'yar ƙasar Ostiriya, mai suna Margarete Schütte-Lihotzky, aikin zana ɗakin girkin waɗannan gidaje. Ta bi diddigin yadda aikin girki ke gudana, taku nawa mace ke yi, ina take miƙa hannu, me take ɗauka bayan me. Kicin ɗin da ta fitar faɗinsa bai kai mita 2 ba, tsawonsa kuma mita 3 da ɗoriya, wato kamar ƙafa 6 da ƙafa 11, kuma an yi irinsa a gidaje kusan dubu goma. Babu kantar tsakiya a cikinsa. Abin da ya sa ya shahara shi ne komai yana inda hannu zai kai gare shi. Daga baya, a shekarun 1940, masana a Jami'ar Illinois ta Amurka suka tsayar da ƙa'idar da masu zanen gida ke bi har yau: aikin kicin yana zagaye wurare uku ne, wurin wuta, wurin ruwa, da wurin ajiyar abinci. Ku ɗauke su kamar duwatsun murhu uku. In ɗaya ya yi nisa ko ya karkace, tukunya ba za ta zauna ba. Suka ce tsakanin kowane biyu kada a gaza ƙafa 4, kada a wuce ƙafa 9, kuma kada hanyar wucewar mutane ta ratsa tsakaninsu.

Wannan ƙa'ida ta dace da kowane gida, ko na bulo ne ko na ƙasa, ko da gas ake girki ko da kara. Uwargida, ki duba naki. Daga randa zuwa murhu taku nawa ne? Daga murhu zuwa inda buhun gari da gwangwanin mai suke fa? In kina ratsa tsakar gida da tafasasshen ruwa, yara na guje-guje a gabanki, to tsarin ne bai yi ba, ba ƙoƙarinki ne ya gaza ba.

Yanzu mu zo kan kantar tsakiya, mu yi lissafi da ƙafa, yadda maginanmu suke awo. Kantar da ke jikin bango faɗinta ƙafa 2 ne. Tsakaninta da kantar tsakiya ana bukatar aƙalla ƙafa 3 da rabi in mutum ɗaya ke aiki, ƙafa 4 in biyu ne, domin a buɗe ƙofar kabad ko ta firji, a sunkuya, wani ya wuce ta baya ba tare da an yi karo ba. Ita kantar tsakiyar a ba ta ƙafa 2 da rabi zuwa 3. A bayanta ma sai an bar wata hanyar ƙafa 3 da rabi. Ku haɗa: kusan ƙafa 12 ke nan, kuma wannan in bango ɗaya kawai ke da kanta. In bango biyu ne masu fuskantar juna, sai ƙafa 14 ko 15. Ka ga wanda ya ware wa kicin ƙafa 8 ko 10, kamar yadda ake yawan yi, in ya cusa kanta a tsakiya ya toshe ɗakin ne kawai. Mai juna biyu za ta riƙa bi a karkace, mai goyo za ta riƙa buga kan yaro da kusurwa. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. In ɗakin bai kai ba, a yi kanta mai siffar kwana a bango biyu, ko a sa kafinta ya yi ɗan tebur mai ƙwari wanda za a jawo tsakiya lokacin aiki, a mayar da shi gefe in an gama.

To, a ce fili ya wadata. Sai maganar ruwa. Kafin a yi zancen sinki a ko'ina, maigida ka tambayi kanka: ruwan zai zo ta famfo ne kullum? In kana da burtsatse ko rijiya mai injin, da tanki a sama, madalla. In kuwa 'yan garuwa ne ke kawowa a jarka, ko yara ke ɗebowa daga rijiyar unguwa, to sinkin da aka kashe wa kuɗi zai koma wurin jibge tukwane, a ci gaba da wanke-wanke a tsakar gida kamar da. Wanda yake wannan hali, abin da ya fi masa shi ne ya gina ɗan dakalin wanke-wanke mai rariya a jikin bangon waje, ya ɗora durom mai famfo a samansa, ya bar ramin da fayif zai bi in Allah ya hore tanki nan gaba.

Shigo da ruwa ma shi ne mai sauƙi. Fitar da shi ne aiki. Sinkin da ke jikin bango, fayif ɗinsa yana huda bangon ne ya fita waje, in ya toshe mai fulamba ya kwance shi cikin ɗan lokaci. Wanda ke tsakiyar ɗaki kuwa dole fayif ɗinsa ya bi ta ƙarƙashin daɓe. Ke nan sai an shimfiɗa shi tun kafin a zuba kankare, kuma sai an ba shi gangara, kamar inci ɗaya a kowace ƙafa 4, in ba haka ba ruwa ya kwanta a ciki. Ku tuna kuma da abin da muke zubawa. Manja da man gyaɗa da kitsen nama suna daskarewa a cikin fayif, musamman da sanyin hunturu, kuma kowa ya san sanyin Doguwa da Riruwai ba wasa ba ne. Ga ƙanzon tuwo, ga tsakin masara, ga yashin da ke fita in an rege shinkafa 'yar gida. Waɗannan in suka haɗu da maiƙo sai su zama kamar laka. Ranar da fayif ɗin ƙarƙashin ƙasa ya toshe, kuma ba a bar masa wurin zura waya daga waje ba, sai an fasa tayil.

Saboda haka shawararmu ita ce a kai sinki jikin bangon waje, a ƙarƙashin taga, inda akwai haske da iska, uwa kuma tana iya hango yara a tsakar gida. A bar fili ƙafa 2 a gefe ɗaya na ajiye kwanuka masu dauɗa, ƙafa ɗaya da rabi a ɗaya gefen na kife waɗanda aka wanke. A ƙarƙashinsa a tabbata an sa wannan lanƙwasasshen fayif da ruwa ke kwanciya a cikinsa, domin shi ke tare wari da kyankyasai daga dawowa. A waje kuma a gina ɗan akwatin siminti mai murfi inda maiƙo da tsaki za su taru a riƙa kwashewa, sannan ruwan ya wuce sokawe. Kada a sake shi kan hanya ya zama kwatami, sauro ya samu gidan haihuwa, maƙwabci ya samu abin ƙorafi. Shi kuma sokawen a nesanta shi da rijiya, aƙalla mita 15, in da hali ma 30, domin a wannan yanki namu na kudu ruwan sama ya fi na cikin birnin Kano yawa, kuma da damina ruwan ƙasa yana tasowa kusa.

[Ɗan gajeren kiɗa]

Masu saurare, in yanzu kuka kama mu, muna magana ne kan tsara kicin tun kafin a ɗora bulo. Mun gama da fili da ruwa, yanzu ga wuta, kuma nan ne maganar ta fi nauyi, domin nan rai yake.

Murhun gas da ake dasawa a kantar tsakiya, a ƙasashen da aka saba da shi, akwai wata na'ura da ke rataye a samansa tana zuƙe hayaƙi da tururi da ƙauri ta fitar ta bututu. Da lantarki take aiki. Ran da babu wuta, kuma mun san yadda lamarin yake a garuruwanmu, ƙaurin suya da tururin daddawa sai su cika ɗaki, su bi silin su mayar da shi baƙi, su shiga falo su kama labule. Wannan ke nan na farko.

Na biyu, ina za a ajiye tukunyar gas? Wanda ya dasa murhu a tsakiya, ko dai ya ɓoye tukunyar a cikin kabad ɗin ƙasa, ko ya binne tiyo a ƙarƙashin daɓe. Duka biyun haɗari ne. Iskar gas ta fi iskar da muke shaƙa nauyi. In ta zuba ba ta tashi sama, kwanciya take yi a ƙasa, ta taru a rufaffen wuri, ta jira ashana ko tartsatsin makunnin lantarki. Tiyon da aka binne kuwa ba mai ganin ranar da ya tsage ko ɓera ya ci shi. Wurin da ya dace da tukunyar gas, musamman babba mai kilo 12 da rabi, shi ne bayan bangon kicin ta waje, a cikin kejin ƙarfe mai kwaɗo wanda iska ke ratsawa, a inuwa, tana tsaye ba a kwance ba, ɗan gajeren tiyo ya huda bango ya iso murhu. Wannan kuwa ba zai yiwu ba sai murhun yana jikin bangon waje.

Na uku, yara. Murhun da ke jikin bango ta gaba kaɗai ake isa gare shi, kuma uwa tana tsaye a nan. Wanda ke tsakiya ta ko'ina ake zuwar masa. Yaro mai tatata zai zagayo ta baya ya miƙa hannu ya jawo mariƙin kasko da tafasasshen mai a ciki. Mu kuma gidajenmu, alhamdulillahi, cike suke da yara, namu da na maƙwabta da almajiran da ke taya aiki. Ga kuma irin suturarmu, hijabi da mayafi da zani mai baza, yawanci na yadin roba wanda in ya kama wuta narkewa yake yi ya manne a fata. Uwargida, in za ki tsaya gaban wuta ki ɗaure, ki tattare, ki juya mariƙin tukunya ya kalli bango.

Akwai kuma abu na huɗu wanda hoton waya ba zai taɓa nuna muku ba, wato tuƙin tuwo. Ku dubi mace tana tuƙa tuwon masara na mutum goma sha biyar. Tana zaune a kan 'yar kujera ko ta sunkuya, tukunya tana ƙasa daram a kan duwatsu, ta riƙe muciya da hannu biyu, tana jan tuwon daga gindin tukunya tana murza shi da gefe, nauyin jikinta duka yana kan muciyar. Yanzu ku ɗauki wannan tukunya ku ɗora ta a kan kanta mai tsayin ƙafa 3, ku ƙara tsayin murhu, ku ƙara zurfin tukunyar. Bakinta ya zo daidai ƙirjin mai girki. Da me za ta danna? Kafaɗa za ta gaji, tukunya za ta riƙa zamewa, in talge ya yi tsalle kuma fuska zai nufa. Shi ya sa za ku ga gidan da aka kashe maƙudan kuɗi a kicin, amma an sauke murhu ƙasa ana tuƙi a tsugune. Maganin wannan ɗan sauƙi ne in an yi tunaninsa da wuri: a ƙarshen kantar bango a gina ɗan dakali mai tsayin ƙafa ɗaya zuwa ɗaya da rabi, mai faɗin da zai ɗauki murhu mai kai ɗaya da babbar tukunya. Miya da shayi da suya a sama, tuwo da ɗanwake da dambu a ƙasa.

Duk inda aka sa murhu a bar fili aƙalla ƙafa ɗaya a kowane gefensa na sauke tukunya mai zafi. Kada a manna shi da sinki, kada a manna shi da firji, kada a sa shi a bayan ƙofa. Taga ta kasance a gefensa, ba a bayansa daidai ba, domin iskar hunturu kan kashe wutar gas ta bar shi yana zuba, labule kuma kan kaɗo kan wuta. A bar ƙofar iska guda biyu a bango, ɗaya can sama kusa da silin don zafi da hayaƙi, ɗaya can ƙasa kusa da daɓe don gas in ya zuba, a sa musu raga saboda ɓera da maciji. Soket ɗin lantarki kuma a nesanta shi da famfo, aƙalla ƙafa ɗaya, in da hali biyu.

To ke nan kantar tsakiya ba ta da amfani? Tana da shi, kuma babba, in an bar ta fili, babu ruwa babu wuta a kanta. Nan za a yi yanke-yanke, a murza fulawa, a tsince shinkafa, a jera kwanukan rabon abinci. Da azumi, ko ranar suna, mata uku ko huɗu za su kewaye ta suna aiki suna hira ba mai takura wani. A ƙasanta a yi ma'ajiyar manyan tukwane da kuloli. Wannan ita ce kantar tsakiyar da ta dace da mu: ba ta bukatar fayif, ba ta bukatar bututu, ba ta jiran a kawo wuta.

Wanda kuma ya ce lallai shi sai ya sa sinki ko murhu a tsakiya, kuma yana da hali, ga sharuɗɗan. Ya kira ƙwararren mai fulamba da mai aikin gas tun ana harsashi. Fayif ɗin fitar ruwa kada ya gaza inci 2, da gangararsa, da wurin buɗewa a waje. Gas ya biyo ta fayif ɗin ƙarfe ko na jan ƙarfe daga tukunyar da ke waje, da makulli a kusa da hannu, ba tiyon roba a binne ba. Na'urar zuƙe hayaƙi ta samu wuta tsayayya, ko ta sola ce. A bayan murhun kuma a bar fili mai faɗi yadda hannun yaro ba zai kai ba.

Yanzu bari mu fita tsakar gida, domin gaskiyar magana ita ce yawancinmu da itace da kara da totuwar masara da gawayi muke girki, kuma ko mai gas yakan koma musu in farashi ya tashi, ko in za a yi wa ma'aikatan gona abinci, ko girkin biki, ko turara shinkafa. Wannan madafa ta waje ita ma tana da haƙƙin a tsara ta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa hayaƙin girki a cikin gidaje ya jawo mutuwar mutum kusan miliyan 3 da dubu 200 a shekarar 2020 a faɗin duniya, kuma mata da ƙananan yara ne suka fi shaƙarsa. Tarin da ba ya jin magani, idon da ke ruwa kullum, ciwon haƙarƙarin jarirai da ake goye da su a gaban murhu, duk hayaƙi yana da hannu a ciki. Don haka madafar itace a yi ta da rufi mai tsayi, a bar ɓangare a buɗe ko a yi manyan tagogi masu fuskantar juna. A kare ta daga gabas, inda hadari ke tasowa, a ɗaga daɓenta sama da tsakar gida don kada ruwan damina ya shiga, a ware busasshen wurin ajiye itace nesa kaɗan da wuta, domin ɗanyen itace ya fi hayaƙi. A gina murhun laka mai kewayayyen baki, in da hali da bututu, maimakon duwatsu uku a sarari inda iska ke kwashe rabin zafin. Gawayi kuwa, kada a taɓa shiga da shi rufaffen ɗaki don jin ɗumi ko ƙarasa girki. Yana fitar da wata iska marar launi marar wari, wadda ke sa mutum barci ya wuce daga nan. Haka hayaƙin janareta yake.

Rage cin itace kuma ba aljihunmu kaɗai yake taimaka ba. Dajin Falgore yana nan a ƙasarmu, kuma Kogin Kano ta cikinsa yake ratsowa kafin ya zuba a madatsar Tiga, wadda aka kammala a 1974 zamanin Gwamna Audu Bako. In aka sare itatuwan da ke riƙe ƙasa, ruwan sama sai ya kwashi yashi ya kai cikin dam, kuma da ruwan wannan dam ake noman rani har Kura da Kadawa. Murhun da ke cin rabin itacen da ake ci da, gudummawa ce ga dajin da kuma ruwan.

Turmi ma a ba shi wurinsa a waje, a kan ƙasa ko kankare mai kauri. Duk wanda ya yi daka a kan tayil ya san sakamakon.

Game da kayan aiki, a taƙaice: gindin kanta a gina shi da bulo, a zuba kankare a sama, sannan a sa tayil ko dutse. Katakon nan na garin katako da ake matsewa yana kumbura in ya sha ruwa, gara kuma ba ta raga masa. Ƙofofin kabad a yi su da alminiyom ko katako mai ƙwari, su riƙa rufuwa ruf. Tayil ɗin ƙasa a zaɓi mai kaushi, ba mai santsi ba. Hatsi da gari a zuba su a durom ko bokiti mai murfi, a ɗaga buhu daga ƙasa, domin zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganowa a garin Lassa na jihar Borno a 1969, ta fitsari da kashin ɓera a cikin abinci yake kama mutane. Iyayen amarya kuma, kafin ku tafi Sabon Gari ko Ƙofar Wambai sayen kayan kicin, ku aika a auno ɗakin. Ango, kafin ka tafi Ƙofar Ruwa sayen fayif da tayil, ka san inda kowane abu zai zauna.

Ga kuma abubuwa huɗu da muke roƙo kowa ya haddace. In kun canza tukunyar gas, ku kaɗa ruwan sabulu ku shafa a bakin regileta da inda tiyo ya haɗu. In kumfa tana tasowa, gas na zuba, kada a kunna. In kun shiga kicin kuka ji warin gas, kada ku taɓa makunnin lantarki, kada ku ƙyasta ashana, ku rufe tukunyar, ku buɗe ƙofa da taga, ku fitar da yara. In mai ya kama wuta a kasko, kada a watsa ruwa, a kashe murhu a rufe da murfi, kuma a ajiye bokitin yashi a bakin ƙofa, domin kafin motar kashe gobara ta iso ƙauyukanmu mai faruwa ta faru. In wani ya ƙone, a riƙa kwarara masa ruwa mai sanyi na minti 20, kada a shafa manja ko ƙwai ko man goge baki, a kai shi asibiti. Addininmu ma ya riga ya hore mu da kashe wuta da rufe abinci kafin a kwanta barci.

Daga ƙarshe ga aikin da muke ba duk mai shirin gini. Kafin birkila ya ɗora bulo ɗaya, maigida ka ɗauki uwargida, in su biyu ne ko fiye ka ɗauke su duka, tun da kowacce na da ranar girkinta, ku je filin. Ku zana kicin ɗin a ƙasa da toka, da girmansa na gaskiya. Ku ajiye bulo a inda murhu zai zauna, baho a inda sinki zai zauna, buhu a inda ma'ajiya za ta kasance, in ana son kantar tsakiya ku shimfiɗa tabarma a wurinta. Sai uwargida ta gwada girki ɗaya tun daga farko: ta ɗauko gari, ta ɗebi ruwa, ta ɗora, ta tuƙa, ta kwashe, ta fita da abinci, ta dawo da kwanuka. Duk inda ta yi tuntuɓe, ko ta ce nan ya yi nisa, nan ya matse, a share tokar a sake zanawa. Gyaran toka kyauta ne, gyaran kankare kuwa sai da guduma da sabon buhun siminti. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma mai wannan ɗakin ita ce mai girki. Birkiloli da masu zanen gida, ku ma muna roƙonku, in aka kawo muku aiki ku ce a tambayo Hajiya tukuna.

Nan za mu dakata a shirinmu na yau. Wanda ya ji, ya isar wa wanda bai ji ba, musamman mai ginin da bai kai ga zuba daɓe ba. Allah ya tsare gidajenmu daga gobara, ya ba iyayenmu mata lafiya da ladan hidimar da suke yi mana, ya sa albarka a abin da muke ci. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Wassalamu alaikum warahmatullah.

[Kiɗan rufe shiri]